Fashin Baƙi: Yadda Korona Ke Shafar Masu Lalurar Rashin Daskarewar Jini, da Abin da Ya Kamata Mazauna Legas Su Sani

Legas — A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa cutar korona ta daina zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa na ƙasa da ƙasa. Sanarwar ta kawo ƙarshen zaman ɗarɗar, amma ƙwayar cutar na nan tana yawo, tana kuma sauya kama lokaci zuwa lokaci.

Daga cikin mutanen da har yanzu batun ya shafa akwai masu lalurar rashin daskarewar jini, wadda likitoci ke kira hemofiliya. Korona mai tsanani takan sa jini ya dunƙule a cikin jijiyoyi, ita kuwa hemofiliya hana jini tsayawa take yi. Idan suka haɗu a jikin mutum guda, likita kan tsinci kansa a halin gaba kura baya sayaki, domin maganin da ake ba mai korona don kare shi daga gudan jini shi ne zai iya jawo wa mai hemofiliya zubar jini.

A Legas, jihar da ta fi kowace yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona a Najeriya, da mutum fiye da 100,000 daga cikin kimanin 267,000 na faɗin ƙasa, wannan batu na da nauyi na musamman ga al'ummar Hausawa da ke Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da kewayen kasuwar Idumota, waɗanda da yawansu ke zaune nesa da dangin da suka san tarihin lafiyarsu.

Mece ce hemofiliya?

Idan mutum ya ji rauni, wasu sinadarai da ke cikin jini kan tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana zaburar da na gaba, har su saƙa wani abu mai kama da raga da zai toshe bakin raunin. Likitoci sun ba waɗannan sinadarai lambobi, suna kiran kowanne da suna fakto.

Wanda jikinsa ba ya samar da isasshen fakto 8 shi ke da hemofiliya nau'in A, wanda kuma ke da ƙarancin fakto 9 shi ke da nau'in B. Nau'in A ya fi yawa, ana samunsa a kusan ɗa namiji 1 cikin kowane 5,000 da aka haifa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa maza kimanin 1,125,000 ne ke da lalurar a duniya, kuma 418,000 daga cikinsu na da mai tsanani.

Ana auna tsananin ne da yawan sinadarin da ke cikin jini. Wanda yake da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da ya kamata, lalurarsa mai tsanani ce, jini na iya zuba a cikin gaɓoɓinsa ko da bai bugu da komai ba. Daga kashi 1 zuwa 5 matsakaiciya ce. Daga sama da kashi 5 zuwa ƙasa da 40 kuwa mai sauƙi ce, kuma mai ita na iya kaiwa shekarun girma bai sani ba, sai ranar da aka cire masa haƙori ko aka yi masa tiyata.

Lalurar gado ce, kuma galibi ta wajen uwa take zuwa. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar gadon, kowane ɗa namiji da ta haifa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na samun lalurar. Uba mai hemofiliya ba ya gadar wa 'ya'yansa maza, amma dukkan 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar. Shi ya sa tambayar farko da likita kan yi ita ce ko akwai kawu ko ɗan ƙanwar uwa da ya taɓa zubar da jini mai wuyar tsayawa. Duk da haka, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lalurar ba a samun tarihinta a danginsu.

A ƙasar Hausa, alamar farko kan bayyana ne a hannun wanzami: jinin kaciya da ya ƙi tsayawa, ko na cire beli a makon haihuwa, ko na tsaga. Daga baya sai kumburin gwiwa, idon sawu ko gwiwar hannu mai zafi, wanda iyaye kan ɗauka sanyin ƙashi ne, ko su rikita shi da ciwon sikila. Lalurorin biyu dabam suke, kuma gwajin jini ne kaɗai ke rarrabe su.

Shin sun fi saurin kamuwa?

Tun farkon annobar, Tarayyar Ƙungiyoyin Hemofiliya ta Duniya, WFH, mai hedikwata a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, ta bayyana cewa lalurar a karan kanta ba ta raunana garkuwar jiki. Mai hemofiliya na kamuwa da korona kamar yadda kowa ke kamuwa, ta hanyar numfashi a wurin cunkoso, kuma matakan kariya iri ɗaya ne gare shi da sauran jama'a.

Abubuwan da ke sa cutar ta yi tsanani su ne waɗanda aka sani ga kowa: yawan shekaru, hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon ƙoda. Sai dai akwai wasu da suka fi yawa a tsakanin masu hemofiliya. Waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini a shekarun baya, kafin tantance jini ya inganta, wasunsu na ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, ko cuta mai karya garkuwar jiki. Haka kuma wanda ake ba magungunan danne garkuwa saboda jikinsa na yaƙar allurar fakto yana cikin ƙarin haɗari.

Inda lalurorin biyu ke karo

Cikin watannin farko na 2020 likitoci a Chaina, Italiya da Holan suka lura cewa korona mai tsanani ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Takan kumbura bangon jijiyoyin jini, ta sa jini ya riƙa dunƙulewa a ƙafa, a huhu, wani lokaci har a ƙwaƙwalwa. Daga nan ya zama ƙa'ida a asibitoci a riƙa yi wa wanda aka kwantar saboda korona allurar hefarin, maganin da ke hana jini dunƙulewa.

Wannan ne ya sa wasu suka zaci mai hemofiliya ya tsira, tunda jininsa dama ba ya daskarewa. Zaton ba shi da tabbas. Mai lalura mai tsanani wanda bai karɓi allurar fakto ba yana iya samun ɗan sauƙin haɗarin gudan jini, amma da zarar an ɗaga sinadarin jininsa da allura, haɗarinsa kan matso kusa da na kowa. Mai nau'in A mai sauƙi kuwa, zazzaɓi da kumburin cikin jiki kan ɗaga fakto 8 ɗinsa na ɗan lokaci, har gwaji ya nuna kamar lafiyarsa ƙalau, sannan ya sake sauka bayan ya warke.

Ta ɗaya gefen, jinyar korona cike take da abubuwan da ke jawo zubar jini. Tsinken da ake zurawa cikin hanci don gwaji na iya haddasa haɓo. Tari mai ƙarfi na kwanaki na iya fasa ƙananan jijiyoyi a maƙogwaro, ko ya tara jini a naman ciki da na ƙirji. A ɗakin kulawa ta musamman akan zura bututu a maƙogwaro don haɗa majinyaci da na'urar numfashi, akan huda manyan jijiyoyi a wuya, akan ɗebi jini sau da dama a rana. Kowanne daga cikin waɗannan na buƙatar a fara ɗaga sinadarin jinin mai hemofiliya.

Hanyar da ƙwararru suka bi ita ce haɗa magungunan biyu cikin awo: a ba majinyaci fakto har jininsa ya kai matakin da zai jure, sannan a ba shi hefarin idan halinsa ya buƙata, ana bibiyar gwaji a kai a kai. Aiki ne na likitan cututtukan jini tare da likitan da ke jinyar korona, kuma yana cin magani da yawa.

Ƙididdiga mai sauƙi za ta nuna hakan. Awo 1 na fakto 8 a kan kowane kilo na nauyin jiki yana ɗaga sinadarin da kusan kashi 2 cikin 100. Mutum mai kilo 60 da ake son kai jininsa kashi 50 zai buƙaci awo 1,500 a allurar farko, kuma rabin wannan zai ƙare a jikinsa cikin sa'o'i 8 zuwa 12, sai an ƙara. Fakto 9 ya fi daɗewa, yakan kai sa'o'i 18 zuwa 24 kafin rabinsa ya ƙare. Jinyar mako biyu na iya cinye maganin da zai ishi yara da dama.

Akwai kuma sabon magani mai suna emisizumab, wanda ake sayarwa da sunan Hemlibra, da ake yi wa masu nau'in A a ƙarƙashin fata. Yana rikita sakamakon gwajin daskarewar jini da aka saba yi a asibitoci, wato aPTT, har ya nuna kamar babu matsala. Kuma haɗa shi da maganin FEIBA mai yawa na iya jawo gudan jini. Don haka duk wanda ke kan wannan magani wajibi ne ya faɗa tun a ƙofar asibiti.

Likitoci sun kuma ba da rahoton wasu mutane ƙalilan, yawanci tsofaffi, da garkuwar jikinsu ta juya ta yaƙi fakto 8 bayan kamuwa da korona, alhali ba su gaji lalurar ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma alamarsa ita ce kwanciyar jini mai faɗi a ƙarƙashin fata ba tare da buguwa ba. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti.

Abin da dokar kulle ta bayyana

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa dokar kulle a Legas, Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris, aka fara sassauta ta ranar 4 ga Mayu. Haramcin tafiya tsakanin jihohi bai ɗage ba sai ranar 1 ga Yuli.

Ga mai hemofiliya, lokaci shi ne rabin magani. Jinin da ya fara taruwa a gwiwa ana so a tare shi cikin sa'o'in farko. Idan aka yi jinkiri gaɓar kan lalace sannu a hankali har ta sandare. Buguwa a ka kuwa ba ta jira ko kaɗan. Kulle ya zo ne makonni kaɗan bayan gwamnatin Legas ta haramta acaɓa da keke mai ƙafa uku a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja, Surulere da Tsibirin Legas, daga ranar 1 ga Fabrairun 2020. Isa asibiti daga unguwa ya zama aiki, ga shingayen bincike, ga tsoron kada a kamu da cutar a can.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana Idi-Araba ne, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, yana Ikeja, maƙwabciyar Agege. Dukansu suna da sashen cututtukan jini. Amma kusanci da asibiti ba ya amfanar wanda bai san lalurarsa ba, kuma ba ya amfanar wanda katinsa na asibiti ke Kano, Zariya ko Sakkwato alhali hanya a rufe take.

Wannan shi ne halin 'yan ci-rani da dama. Matashin da ya zo daga Arewa yana dako a Idumota, ko tura baro a Mile 12, ko aikin fawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege, sana'arsa ta ɗaukar nauyi ce ko ta wuƙa. Idan yana da lalura mai sauƙi ko matsakaiciya da ba a gano ba, mahaifiyar da ta san yadda jinin kaciyarsa ya yi kwanaki yana zuba tana can gida, abokan kwanansa kuwa ba su da abin da za su faɗa wa likita idan numfashi ya gagare shi magana.

Batun samun maganin ma haka yake. Ba a sarrafa allurar fakto a Najeriya, kuma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Majinyata da dama sun dogara ne da tallafin da WFH ke aikowa ta hannun Gidauniyar Hemofiliya ta Najeriya, wadda Megan Adediran ta kafa a 2005, mai cibiya a Kaduna. Inda allurar ta yanke, asibitoci kan koma ga ruwan jini da aka tace daga jinin masu bayar da gudummawa. A lokacin kulle masu zuwa ba da jini sun ragu a ƙasashe da dama, domin makarantu da wuraren taruwa da ake samun su sun kasance a rufe.

Wasu iyalai sun ji tsoron kada korona ta biyo ta cikin jini ko allurar, kuma tsoron na da tushe a tarihi. A shekarun 1970 da 1980 gurɓatattun magungunan jini sun sa wa dubban masu hemofiliya ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Rahoton binciken da aka fitar a Birtaniya ranar 20 ga Mayun 2024 ya nuna mutum fiye da 30,000 suka kamu a ƙasar ta hanyar jini da magungunan da aka sarrafa daga gare shi. Korona dai ta numfashi take yaɗuwa, ba a tabbatar da yaɗuwarta ta ƙarin jini ba, kuma hanyoyin tsarkake fakto na zamani suna kashe irin wannan ƙwaya. Dakatar da allura saboda wannan tsoro ya fi cutarwa.

Haɗarin da ke kan kantar kemis

Mafi yawan masu kamuwa da korona a gida suke warkewa, kuma a nan ne kuskure ya fi saurin aukuwa. Zazzaɓi da ciwon jiki kan kai mutum kemis mafi kusa, a haɗa masa ƙwayoyi a leda ba tare da suna ba.

Asfirin haramtacce ne ga mai hemofiliya sai da umarnin likitansa, domin yana kashe ƙarfin ƙananan ƙwayoyin jini da ke fara toshe rauni, kuma tasirinsa kan kai mako guda. Ibufurofen da diklofenak su ma suna ƙara haɗarin zubar jini, musamman a ciki. Wasu magungunan mura da ciwon kai da ake sayarwa a ƙulle suna ɗauke da asfirin a cikinsu. Farasitamol shi ne aka amince da shi, bisa awon da aka ƙayyade, kuma mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna.

A lokacin annobar an yi ta yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa asfirin na narkar da gudan jinin korona. Shawara irin wannan na iya kashe mai hemofiliya. Haka nan allura a ɗuwawu a shagon magani, ƙaho mai tsaga, da matsa gaɓar da ta kumbura ko ɗaure ta wajen mai ɗori, duk abubuwa ne da za su ƙara ɓarna.

Idumota na daga cikin manyan kasuwannin magani a ƙasar nan, kuma tana cikin waɗanda hukumar NAFDAC ta rufe na wani lokaci a watan Fabrairun 2025, tare da na Onica da Aba, a wani samame kan jabu da lalatattun magunguna. Allurar fakto magani ce mai buƙatar ajiya cikin sanyi bisa ƙa'idar da aka rubuta a kwalinta, don haka wurin karɓarta shi ne asibiti ko cibiyar da majinyaci ya yi rajista.

Allurar rigakafi

Kashin farko na rigakafin korona, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ya iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ƙarƙashin shirin COVAX, aka fara yi wa jama'a ranar 5 ga watan. Tunda a cikin naman dantse ake yin ta, masu hemofiliya sun tambaya ko ta halatta gare su.

Tun a watan Disamban 2020 WFH da takwarorinta na Turai da Amurka suka fitar da jagora cewa lalurar ba ta hana yin rigakafin. Sun ba da shawarar a yi amfani da allura mafi siranta, a danne wurin na tsawon minti 10 ba tare da murzawa ba, sannan a riƙa duba shi bayan sa'o'i. Mai lalura mai tsanani ko matsakaiciya ya karɓi fakto kafin allurar. Wanda sinadarinsa ya haura kashi 10 cikin 100, da wanda ke kan emisizumab, ba sa buƙatar ƙarin shiri. Ɗan ciwon dantse na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma kumburin da ke ƙaruwa na buƙatar ganin likita.

Matan da ke ɗauke da ƙwayar gadon su ma abin ya shafe su. Wasunsu sinadarinsu ƙasa yake, suna fama da yawan jinin al'ada ko zubar jini bayan haihuwa. Ya dace su sanar da likita kafin a ba su maganin hana dunƙulewar jini, ko saboda korona ko saboda wani dalili.

Matakan da suka rage ga iyalai da al'umma

Mataki na farko shi ne gwaji. Iyalin da aka taɓa samun jinin kaciya ko na cire haƙori da ya ƙi tsayawa, ko yaro mai yawan kumburin gaɓa, su nemi a tura su sashen cututtukan jini. Baya ga LUTH da LASUTH, akwai irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja.

Wanda aka tabbatar yana da lalurar ya riƙa yawo da kati mai ɗauke da nau'inta, tsananinta, maganin da yake karɓa da lambar likitansa, ya kuma ajiye hotonsa a waya. Idan ya sauya gari don neman abinci, ya kai kansa asibitin koyarwa mafi kusa tun yana da lafiya, ya kuma sanar da maigidansa ko abokin zamansa guda ɗaya.

Idan zazzaɓi, tari ko mura suka kama shi, ya ci gaba da allurarsa yadda aka tsara, ya tuntuɓi likitansa da wuri. Sarƙewar numfashi, tarin jini, baƙin bayan gida, matsanancin ciwon kai, kumburin wuya ko harshe, duk alamomi ne na tafiya asibiti nan take, kuma kalmar farko da za a faɗa wa ma'aikacin lafiya ita ce sunan lalurar.

Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas, limamai, shugabannin 'yan kasuwa da wanzamai suna da rawar da za su taka. Wanzamin da ya tambayi tarihin dangin uwa kafin ya ɗora aska, ya kuma tura yaron da ake shakka a kansa asibiti, ya ceci rai. Gangamin ba da jini a masallatan Juma'a na cike rumbunan da majinyata ke komawa gare su idan allura ta yanke.

Ana bikin Ranar Hemofiliya ta Duniya a ranar 17 ga Afrilun kowace shekara, ranar haihuwar Frank Schnabel, wanda ya kafa WFH a 1963. Buƙatun masu fafutuka a wannan fanni sun haɗa da faɗaɗa gwaji zuwa manyan asibitocin jihohi, da samar da allurar fakto daga kasafin gwamnati da inshorar lafiya, domin kada jinyar majinyaci ta rataya ga tallafin da annoba ko rufe iyaka ke iya tsayarwa.